Tambayoyi da amsoshi kan sana'ar damben boksin a ajin bantam

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin samari masu ƙaramin jiki da ke atisayen boksin a Kano, da iyayensu, da 'yan damben gargajiya masu son sauya sheƙa. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga batun awo da kuɗi da lafiya, inda galibin matsalolin suke.

Mene ne ajin bantam, kuma nauyinsa nawa?

A damben ƙwararru, bantam aji ne da ɗan dambe ba zai wuce laba 118 a kan sikeli ba, wato kilo 53.5. Ajin da ke ƙasa da shi yana tsayawa a laba 115, kilo 52.2, na samansa kuma a laba 122, kilo 55.3. Tazarar ba ta kai kilo biyu ba, amma ga mai wannan jiki kilo biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ana sa safar dambe mai nauyin oza 8, kimanin giram 227. Ajin ya fi kasuwa a Japan da Meziko da Filifins da Birtaniya, a Afirka kuma ƙasar Gana da Afirka ta Kudu ne suka fi fitar da zakarunsa.

Yaya zan san bantam ne ajina?

Ka riƙa hawa sikeli kowace safiya bayan ka zaga, kafin ka ci komai, har tsawon mako biyu, a lokacin da kake atisaye kana kuma cin abinci yadda ka saba. Idan kana yawo tsakanin kilo 56 da 58, bantam zai karɓe ka. Idan ka haura 60 kuma ba ka da teɓa, ka haƙura ka hau ajin sama, domin abin da za ka zubar ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwa. Yaron da bai kai shekara 20 ba kada ya ɗaure kansa da aji ɗaya, jikinsa bai gama cika ba. Duba amsar da ke kan rage nauyi.

Na yi damben gargajiya. Zai taimaka mini?

Zai taimaka ta wajen zuciya. Wanda ya taɓa tsayawa a Dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, makaɗa na zuga shi, jama'a na ihu, ba zai firgita da taro ba, kuma ya san yadda naushi yake a fuska. Yana kuma da sanin tazara da iya jiran lokacin kai hannu.

Sai dai akwai ɗabi'un da dole a kankare. A dambe hannu ɗaya ake naɗewa, ɗayan a miƙe yake a buɗe yana tare abokin karawa. A boksin wannan hannun na gaba shi ne ya fi aiki, shi ke auna tazara, shi ke tara maki, kuma turewa ko riƙewa da shi laifi ne. Ɗan dambe ya saba ɗaga haɓa da kawo naushi ta gefe da faɗi, wanda ɗan boksin zai riga shi da miƙaƙƙen naushi ta tsakiya. A boksin shuri babu shi. Sannan a dambe da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, a boksin kuwa wanda ya faɗi yana da ƙirga goma ya tashi a ci gaba. Don haka mai jiran naushi guda ya gama aiki yakan ƙare da numfashi a turmi na uku. A ba shi aƙalla shekara guda yana gyaran tsayuwa da taku da hannun gaba kafin a yi maganar wasan kuɗi.

Dole ne sai na fara da damben 'yan dagaji?

Doka ba ta tilasta ba a ko'ina, amma hankali ya tilasta. A damben 'yan dagaji turmi uku ake yi, shan kaye ba ya shiga tarihinka na ƙwararru, kuma a nan ake koyon karawa da bahago da dogo da mai matsawa. Hanyar ita ce ƙungiyar boksin ta jiha, gasannin Hukumar Damben Boksin ta Nijeriya, da Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka fara a 1973. 'Yan wasan jiha a Kano sun fi taruwa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, can ne ya dace ka fara neman koci. Wasa 20 zuwa 30 na dagaji kafin ka koma ƙwararre ba su yi yawa ba.

Wa ke ba da lasisi, kuma me ake nema?

Hukumar kula da damben ƙwararru ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NBBofC, ita ke ba da lasisi ga ɗan dambe da koci da manaja da mai shirya wasa. Sai ka cika shekara 18. Za a nemi shaidar shekaru da hotuna da sakamakon gwajin lafiya. Gwaje-gwajen da hukumomin dambe suka saba nema su ne na ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, hawan jini, zuciya da ido. Manyan wasanni da na ƙasashen waje sukan ƙara da hoton ƙwaƙwalwa. Ana iya yin irin waɗannan a manyan asibitocin Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a lasisi da katin ɗan ƙasa da fasfo. Wani a nan Muhammad, a can Mohammed, a wani wurin laƙabinsa na unguwa, sai tarihin wasanninsa ya rabu gida biyu, kuma gyaran yana da wuya.

Turmi nawa ake yi, kuma yaya ake ba da maki?

Kowane turmi minti uku ne, hutu minti ɗaya. Sabon shiga yana farawa da turmi 4, ya hau 6, ya hau 8, ya hau 10. Wasan kambun duniya turmi 12 ne. A da 15 ake yi, aka rage bayan rasuwar ɗan Koriya ta Kudu Duk Koo Kim a 1982. Alƙalai uku ke zaune a gefe. Wanda ya ci turmi yana samun maki 10, ɗayan 9, idan kuma an kai shi ƙasa galibi 8. Abin da suke dubawa shi ne naushin da ya sauka da kyau, matsin da ke haifar da sakamako, iko da fili, da kariya. A wasan turmi 4 faɗuwa ɗaya kusan ta gama da kai, saboda babu isasshen lokacin ramawa.

Yaya ake tsara atisaye a yanayin Kano?

Shirin wasa yakan ɗauki mako 6 zuwa 8. Gudu da asuba ne, bayan sallah, kilomita 5 zuwa 8, kwana uku ko huɗu a mako, sauran kwanakin kuma gudun tsere gajere: minti uku da ƙarfi, minti ɗaya tafiya, sau shida, don jiki ya saba da tsarin turmi. Hawan Dutsen Dala ko Goron Dutse sau ɗaya a mako yana gina ƙafa. Da yamma bayan la'asar sai tsallen igiya, damben inuwa, buhun naushi, da aikin hannu da koci.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 ko fiye, don haka kada a yi atisaye tsakanin hantsi da la'asar, musamman a ɗaki mai rufin kwano. Ka auna kanka kafin atisaye da bayansa, duk kilo ɗaya da ya tafi ka mayar da ruwa lita ɗaya da rabi. Da hunturu ƙura ce matsala, tana busar da hanci har naushi kaɗan ya sa haɓo. Shafa man basilin a cikin hanci da daddare yana ragewa.

Damben gwaji sau biyu a mako ya isa, da hular kariya, robar haƙori da safa mai oza 14 ko 16, kuma a daina shi kwana 7 zuwa 10 kafin wasa. Babban kuskure a wuraren atisaye shi ne haɗa ɗan bantam da mai kilo 70 don babu tsaransa. Idan dole ne, babban ya taɓa kawai, koci na tsaye a kansu.

Yaya ake saukowa kilo 53.5 ba tare da an kashe jiki ba?

Nan ne aka fi cutar da 'yan wannan aji, sau da yawa ma fiye da abin da naushi ke yi musu. Ƙa'idar ita ce kitse ake ragewa a makonni, ruwa kaɗan ake ragewa a kwanakin ƙarshe. Wanda ya fara shiri da kilo 58 saura mako takwas, ya riƙa sauke rabin kilo a mako. Ya kamata ya shiga makon ƙarshe da kilo 54.5 zuwa 55. Ragowar kilo ɗaya ko ɗaya da rabi za ta tafi idan aka rage gishiri da abinci mai nauyi a ciki na kwana biyu ko uku, aka kuma taƙaita ruwa a daren awo kaɗai.

Ba sai an sayi abincin kanti ba. Jikin ɗan bantam yana buƙatar furotin kimanin giram 90 zuwa 110 a rana, ƙwai ɗaya kuma yana da kamar giram 6, don haka sai an haɗa da wake, kifi, kaza, nama marar kitse da nono. Tuwo ko shinkafa malmala ɗaya da rana, miya da ganye da yawa, man kaɗan. Abin da ke hana sikeli motsi galibi ba tuwon ba ne: shayin mai shayi ne da madara da sukari cokali huɗu, lemon kwalba, ƙosai da fanke da soyayyar awara, da fura mai sukari da daddare. A makon awo a bar kilishi da tsire da dunƙulen miya mai yawa, gishirinsu yana riƙe ruwa.

Abin da ba a yi: gudu cikin leda ko rigar roba da tsakar rana, kwana biyu ba ruwa, shan maganin gudawa, ko ƙwayar sa fitsari. Jikin da aka tatse ruwansa ba ya dawowa daidai a kwana ɗaya. Ƙafa takan mutu a tsakiyar wasa, ƙoda na wahala, kuma naushin da da za ka shanye sai ya kai ka ƙasa. Idan fitsari ya koma kalar shayi, ko jiri na ɗibar ka in ka miƙe, ka tsaya ka sha ruwa, a sake lissafi. Duba amsar da ke kan suma.

Me ke faruwa ranar awo, kuma me zan ci bayansa?

A damben ƙwararru galibi kwana ɗaya kafin wasa ake awo. Wanda ya wuce akan ba shi awa ɗaya ko biyu ya sake hawa. In ya kasa, ko a yanke masa wani kaso na kuɗinsa a ba abokin karawa, ko a soke wasan, in kuma na kambu ne ba zai ɗauki kambun ba ko ya yi nasara. Hukumar IBF, ɗaya daga cikin manyan hukumomin da ke ba da kambun duniya, takan ƙara awo na biyu da safen wasan kambunta, inda ba a so ka wuce iyakar ajin da fiye da laba 10. Sikelin gida da na hukuma sukan saɓa, don haka ka nemi hawa na hukumar tun kafin lokaci, ka kuma bar wa kanka rarar giram 200.

Bayan awo a fara da ruwan gishiri da sukari irin na kemis, kurɓi-kurɓi, kamar lita ɗaya a awa. Sai ayaba ko dabino, sai shinkafa ko taliya da kaza, kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku. Kada ka ci abin da cikinka bai saba da shi ba. Ɗan Kano da ya sauka Legas ya afka wa miya mai barkono da manja yana iya kwana yana zarya banɗaki.

Zan iya shiri cikin azumi?

Za ka iya riƙe jiki, amma ba za ka iya shirin babban wasa ba. Aiki mai sauƙi kafin shan ruwa da awa ɗaya, mai nauyi bayan asham, damben gwaji kuma sam ba a yin sa da ƙishirwa. Mafi alheri manajanka ya guji sa hannu kan wasan da zai faɗo cikin Ramadan ko mako uku na bayan sallah.

Nawa ake samu, kuma wa ke da kaso a ciki?

Gaskiya ita ce wasannin farko a Nijeriya ba sa riƙe gida, kuma ƙananan azuzuwa a duk duniya ba su kai manya kuɗi ba. Ka riƙe sana'arka, ko ɗinki ne, ko tuƙin adaidaita, ko tsaron shago a Kantin Kwari. A al'adar sana'ar koci yana ɗaukar kashi 10 cikin 100, manaja daga kashi 20 zuwa kashi ɗaya cikin uku, mai tsayar da jini kashi 2 ko 3, hukumar kambu kuma kimanin kashi 3 a wasan kambu. A ɗauka an biya ka naira 300,000: koci 30,000, manaja mai kashi ɗaya cikin uku 100,000, saura 170,000, ba a cire gwajin asibiti da abincin mako takwas ba.

Manaja naka ne, aikinsa ya nemo maka wasa mai kyau da kuɗi mai kyau. Mai shirya wasa kuwa ribarsa tana ƙaruwa idan ya biya ka kaɗan. Shi ya sa bai dace mutum ɗaya ya riƙe duka biyun ba. Kafin ka sa hannu, takarda ta faɗi nauyi, yawan turmi, sunan abokin karawa, kuɗi da ranar biya, wanda zai ɗauki kuɗin mota daga Kano da masauki da abinci na mutum nawa, wanda zai biya asibiti in an ji rauni, da abin da za a ba ka in an soke wasa bayan ka yi awo. In Turancin ya yi maka nauyi, ka kai wa lauya ko wani babba mai ilimi a gidanku ya karanta maka. Yarjejeniyar manaja kada ta wuce shekara biyu ko uku da farko.

An kira ni wasa saura kwana biyar, kuɗin da tsoka. In karɓa?

Ka tambayi dalilin da ya sa kai aka kira. Galibi ana neman wanda zai ƙara wa ɗan gida lamba ne. Duba tarihin abokin karawar a BoxRec, shafin intanet da ke adana sakamakon wasannin ƙwararru: in ya yi wasa 14 bai faɗi ba, kai kuma kana da 3, amsar a fili take. Ƙari a kan haka, kwana biyar ba su isa saukar da nauyi ta hanyar da aka bayyana a sama ba. Kowane sakamako yana shiga tarihinka har abada, kuma masu haɗa wasa a waje lambobin suke fara gani kafin su ga bidiyonka. Ka kuma tabbata wasan yana da amincewar hukuma, in ba haka ba nasararka ba za ta shiga ko'ina ba. Wasan ƙasar waje yana buƙatar takardar izini daga NBBofC. Wanda ya tsallaka ba tare da ita ba, in wani abu ya same shi ba shi da mai tsaya masa.

Wace hanya ce ke kaiwa ga kambun duniya?

Matakala ce: wasanni 8 zuwa 12 na turmi 4 zuwa 8, kambun ƙasa, na Afirka ta Yamma, na Afirka a ƙarƙashin ABU, wato ƙungiyar damben boksin ta Afirka, ko na ƙasashe renon Ingila. Waɗannan ke shigar da kai jerin manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kuma galibi sai kana cikin 15 na farko za ka nemi kambu. Yawancin wasannin ƙwararru a Nijeriya a Legas ake yin su, ciki har da GOtv Boxing Night da aka fara a 2014, don haka ɗan Kano ya shirya wa zirga-zirga, ko ma zaman wata biyu a can don samun abokan gwaji masu nauyinsa.

'Yan Afirka sun bi wannan hanya. Vic Toweel na Afirka ta Kudu ya ɗauki kambun bantam a 1950. Nana Konadu na Gana ya ɗauki na WBA a 1996, Joseph Agbeko kuma na IBF a 2007. Zolani Tete ya kare kambunsa na WBO a 2017 cikin daƙiƙa 11. A gida, Hogan Bassey ya fara da ƙananan azuzuwa a Legas, ya koma Liverpool, sannan ya zama zakaran duniya na farko daga Nijeriya a 1957 a birnin Paris, a ajin laba 126. Mai son ganin inda ajin ya kai a wannan zamani ya nemi wasan Naoya Inoue da Nonito Donaire na 2019 a Japan, ya lura da naushin ciki da yadda ƙafafunsu ke aiki.

Idan aka sumar da ni, yaushe zan dawo?

Hukumomi sukan dakatar da ɗan dambe kwana 30 in alƙali ne ya tsayar da wasa, kwana 60 ko fiye in ya suma, kuma dakatarwar ta haɗa da damben gwaji. Suma a wurin atisaye ma suma ce, ko da ba wanda ya rubuta. A daren da abin ya faru kada a bar shi shi kaɗai. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barci mai nauyi, ruɗewa, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, alamun zubar jini ne a ƙwaƙwalwa. Asibiti za a nufa nan take, ba kemis ba, ba mai ɗori ba.

Kada a ce ƙananan 'yan dambe ba sa illa. Johnny Owen, ɗan bantam daga yankin Wales, ya faɗi a turmi na 12 a wasansa da Lupe Pintor a Los Angeles cikin Satumbar 1980, bai farfaɗo ba har ya rasu a Nuwamba. Kafin ka hau kowane wasa ka ga likita da motar asibiti da idonka.

Ƙwayoyin ƙarin kuzari fa?

Taramol yana cikin jerin haramtattun magunguna na WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, a lokacin gasa tun Janairun 2024. Ƙwayoyin sa fitsari da na gina tsoka haramun ne a kowane lokaci. Ban da dakatarwa, maganin da ke kashe zafi yana ɓoye maka raunin da ya kamata ya tsayar da kai. Haɗe-haɗen gargajiya da ake sayarwa a jarka ba ka san abin da aka zuba ciki ba, kuma duk abin da aka samu a fitsarinka kai za a kama. Duk maganin da likita ya rubuta maka, ka ajiye takardar ka nuna kafin wasa.

Me malamai suka ce game da wannan sana'a?

Akwai hadisi ingantacce da ya hana dukan fuska, kuma a kansa malamai da yawa suka dogara. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa boksin irin na gasa bai halatta ba saboda cutarwar da ke cikinsa. Atisaye da buhu da motsa jiki da koyon kare kai ba su ne abin saɓani ba. Wannan magana ce da ta kamata matashi ya zauna da malaminsa da mahaifansa a kai tun kafin ya nemi lasisi.

Yaushe zan hau ajin sama, yaushe kuma zan ajiye safa?

Ka hau idan awo biyu a jere sai da ka tatse ruwa fiye da kilo biyu, ko ƙarfinka yana ƙarewa tun tsakiyar wasa alhali atisaye ya yi kyau. Inoue da kansa, bayan ya haɗe kambuna huɗu na bantam a Disambar 2022, ya koma laba 122.

'Yan ƙananan azuzuwa da sauri suke cin abinci, saurin kuma shi ke fara tafiya, shi ya sa da yawa ke sauka da zarar sun haura 30 da 'yan kai. Donaire ya ɗauki kambun WBC yana da shekara 38 a 2021, amma irinsa ba su da yawa. Alamomin tsayawa su ne suma biyu cikin shekara guda, faɗuwa da naushin da a da ba ya girgiza ka, ganin naushi na zuwa amma jiki ya ƙi kaucewa, nauyin harshe, mantuwa, ko matsalar ido. Matarka ko mahaifiyarka sukan riga koci lura da canjin magana, don haka a tambaye su. Wanda ya tsaya yana iya neman lasisin koci ko na alƙalanci a hukumar da ta ba shi na dambe, kuma gara ya fara halartar kwas ɗin tun yana wasa.